Lamarin MOBE: lokacin da mai ba ka shawara shi ne dillalin kayan

A watan Yunin 2018 wata kotun tarayya a jihar Fulorida ta Amurka ta dakatar da wani kamfani mai suna MOBE, ta kuma sa aka riƙe asusunsa na banki. FTC, hukumar da ke kare masu saye daga zambar 'yan kasuwa a ƙasar, ita ce ta kai ƙara. Ta ce kamfanin ya karɓi sama da dala miliyan 125 a hannun jama'a da sunan zai koya musu neman kuɗi ta intanet, alhali mafi yawansu ko uwar kuɗinsu ba su mayar ba. Da aka gama bin lissafi, hukuncin da aka yanke a kan kamfanonin ya haura dala miliyan 318.

Zamba ba baƙuwa ba ce a intanet. Abin da ya sa wannan ta isa a zauna a kanta shi ne, mutum yana iya yin duk abin da ake cewa mai hankali ya yi kafin ya biya kuɗi, ya bincika, ya karanta sharhin mutane, ya ji ta bakin waɗanda suka riga shi shiga, kuma duk da haka ya rufta. Binciken ma da kansa shi ne yake ƙara masa ƙarfin gwiwar ciro katin banki.

Daga dala 49 zuwa dala dubu 64

Dillancin intanet, wanda matasa ke kira afiliyet, sana'a ce mai tsabta a asalinta, kuma babu wani sirri a cikinta. Kamfani yana da kaya, sai ya ba ka mahaɗi naka na kanka. Ka tallata kayan a shafinka ko a bidiyonka, duk wanda ya bi ta mahaɗin ya saya, a rubuta maka la'ada. Amazon ya fara nasa tsarin tun 1996. Shiga kyauta ne, la'adar kowane irin kaya kuma a rubuce take ga mai son gani.

MOBE, wato My Online Business Education, ya ce shi wannan sana'ar yake koyarwa. Mai shi, Matthew Lloyd McPhee, ɗan Ostireliya ne da ya kafa ofishinsa a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya, amma masu sayensa da yawa Amurkawa ne. FTC ta ce har da tsofaffi da tsofaffin sojoji a cikin waɗanda aka riƙa yi wa talla.

Ƙofar shiga ba ta da tsada. Dala 49 ce, a ba ka wani tsari mai matakai 21 da aka ce an gwada shi an tabbatar. Mai saye zai fara kallon bidiyo, sai a haɗa shi da wani da ake kira koci, wanda zai riƙa kiransa a waya yana buɗe masa matakan. A zahiri kocin nan ɗan talla ne, shi ma da kamashonsa. Tun ba a yi nisa ba zai bayyana wa ɗalibi cewa idan da gaske yake, sai ya sayi matsayi. Matsayin kuwa hawa-hawa ne: Silver dala 2,497, Gold dala 4,997, Titanium dala 9,997, Platinum dala 16,667, Diamond dala 29,997. Wanda ya haye su duka ya zuba sama da dala dubu 64.

Me zai sa mutum ya ci gaba da hawa? Ga inda dabarar take. Ana gaya masa la'adarsa ta tsaya ne a matsayin da ya mallaka. Idan yana Silver, wanda ya kawo kuma ya sayi Titanium, babban kason ya wuce shi. Ba alƙawarin riba kaɗai ake jansa da shi ba ke nan, har da tsoron ganin ya yi wahala wani ya kwashe. Wanda ya ce ba shi da kuɗi, a nuna masa hanyar bashi: ya buɗe sabon katin bashi, ya nemi rance, ko ya taɓa kuɗin fanshonsa. An kuma yi alƙawarin mayar da kuɗi ga wanda bai gamsu ba, sai dai bayan an biya ake miƙo wasu takardu masu sharuɗɗan da suka mai da alƙawarin romon baka.

Sai mutum ya zurfafa sannan yake gane abin da zai sayar. Ba takalmi ba ne, ba littafi ba, ba waya ba. Wannan matsayin da aka sayar masa ne, shi ma ya je ya sayar wa wani.

Abin da mai bincike yake tararwa

Mu koma kan mutumin da bai biya ba tukuna. Ya ga talla, zuciyarsa ta ɗarsa, ya buɗe Google ya rubuta sunan kamfanin haɗe da tambayar ko zamba ne. Wannan shi ne daidai, kowa haka zai ce masa ya yi.

Shafin da zai fara cin karo da shi yakan ɗauki shakkar tasa ce ya mai da ita take: shin MOBE zamba ne, karanta wannan kafin ka biya ko sisi. Marubucin zai fara da cewa shi ma da farko bai yarda ba, an sha cutarsa a baya. Zai kawo aibu biyu ko uku don a ga adalcinsa, amma aibun da ba sa cizo: akwai tsada, ba na malalata ba ne, sai ka yi aiki tuƙuru. Daga nan sai hotuna. Ga shi riƙe da ƙaton cek a kan dandamali, ga shi jingine da Marsandi, ga shi a bakin teku wajen taron manyan mambobi. A ƙasa akwai maɓallin da ke cewa fara yanzu. Da mai karatu zai duba adireshin da ke ƙarƙashin maɓallin, da ya ga wata 'yar jela ta haruffa da lambobi a ƙarshensa. Lambar dillalin ke nan. Da ita ake gane ta hannun wa ciniki ya shigo.

Ya rufe wannan ya buɗe na biyu, maganar ɗaya ce. Ya shiga YouTube, haka. A ransa ya ji shaidu goma da ba su san juna ba, alhali su goman aljihu ɗaya ke biyansu. Kuma ba sai kamfanin ya haɗa baki da kowa ba. Tsarin da kansa ne yake haifar da shaidun: duk wanda ya zuba dala dubu goma, hanya ɗaya ta rage masa ta fanshe kuɗinsa, ya yabi abin har wani ya saya. Wanda aka fi cuta shi ya fi kowa buƙatar ya yi yabo. Wanda ya yi asara ya haƙura kuwa ba ya buɗe shafi, ba ya sayen talla, sau da yawa ko matarsa ba ya so ta ji. Shi ya sa muryar masu yabo take cika wuri, ta masu kuka kuma sai an tona.

A kara, idan dillali ya ce maka wannan sa ba shi da aibu, ka san wanda ke magana. Ka san la'adarsa tana jiran a ce an sallama, don haka kana jinsa da kunne ɗaya, kana buɗe bakin san kana duba haƙoransa. Ba ka ƙi dillalin ba, ka dai san ma'aunin maganarsa. A intanet dillalin ba ya zuwa a dillalinsa. Yana zuwa ne a matsayin ɗan'uwa da ya riga ka shiga, yake so ya raba ka da wahala.

Hotunan kuɗin nan ma ba lallai ƙarya ba ne, kuma a ganina wannan ya fi ƙarya haɗari. Akwai waɗanda suka samu miliyoyi a MOBE. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne daga ina kuɗin suka fito, da nawa aka kashe kafin su fito. Cek na dala dubu ashirin ba ya faɗin cewa an zuba dubu goma sha biyar a tallan Facebook, ba ya kuma faɗin cewa asalin kuɗin fanshon wata tsohuwa ne. Kamfanin da kansa yana da wata takardar bayanin samu, a rubuce da ƙananan haruffa inda ido ba ya kaiwa, wadda ta nuna abin da matsakaicin ɗan tsarin ke samu a shekara bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. Tana nan tun kafin FTC ta zo. Ba a dai liƙa ta kusa da Marsandin ba.

Lissafin da ke karkatar da shawara

Dalilin da ya sa shawarar da sabon shiga ke samu take karkata gefe guda ba mugun hali ba ne kawai. Lissafi ne.

A watan Afrilun 2020 Amazon ya zabge la'adarsa a Amurka. Kayan ɗaki da na gyaran gida sun sauko daga kashi 8 cikin 100 zuwa kashi 3, kayan masarufi daga kashi 5 zuwa kashi 1. Dillalin da ya sayar da kujerar dala 100, dala 3 ce rabonsa. Kafin ya haɗa dala dubu ɗaya sai ya sayar da kayan sama da dala dubu 33. Ga sharuɗɗa kuma: mai saye ya sa kayan a kwando cikin awa 24 da danna mahaɗin, sabon dillali kuma ya yi ciniki uku cikin kwana 180 ko a rufe asusunsa. Sana'ar gaske ke nan, riba kaɗan-kaɗan, sai da jama'a masu yawa da haƙuri mai tsawo.

A MOBE kuwa ciniki ɗaya tak na matsayi yana kawo la'adar da ta haura dala dubu, manyan matsayin kuma dubbai. Ka ɗauki mutum mai shafi da mabiya. Idan ya rubuta gaskiyar wahalar sana'ar, ba abin da zai shiga aljihunsa. Idan ya rubuta cewa ga gajeriyar hanya, mai karatu ɗaya ya isa ya biya masa kuɗin haya. Wanne za a fi rubutawa? Wanda ke cin dubbai a ciniki guda shi ke iya sayen talla, ya ɗauki ma'aikata, ya tura shafinsa saman Google. Wanda ke sayar da kujeru yana can yana fama da kujerunsa, ba shi da lokacin koya wa kowa.

Zabgewar ta 2020 ta fito da wata matsalar daban. Akwai dubban rubuce-rubuce na gaskiya da aka yi kafin wannan wata, masu lissafi da kashi 8. Marubutansu ba su yi ƙarya ba, lokaci ne ya wuce maganarsu. Shawarar da ba ta da kwanan wata, ko mai ita waliyyi ne, sai an je shafin kamfanin an ga ko har yanzu haka abin yake.

Masu sukar ma da nasu

Ba kowa ne ya yabi MOBE ba. Shekaru kafin 2018 akwai shafuka da yawa da suka ce zamba ne, suka kuma zayyana tsarin hawa-hawan dalla-dalla. Sai dai da yawansu idan ka kai ƙasa za ka tarar da wani maɓallin: ga wanda ni nake ba da shawara. Dillalan wasu kamfanonin koyarwa ne, suna kama mai shakka a bakin ƙofar MOBE su juya shi zuwa tasu rumfar. Har ta kai MOBE ya maka kamfanin Wealthy Affiliate a kotu a Kanada kan irin wannan suka. Magoya bayan MOBE kuwa suka samu abin faɗi: ku rabu da su, kishi ne, nasu suke so su sayar.

Gaskiya ne nasu suke so su sayar. Kuma gaskiya suka faɗa a kan MOBE. Duka biyun sun tabbata a lokaci guda, kuma nan ne nake ganin ake yawan kuskure. Sanin cewa mutum yana da la'ada a maganarsa ba ya mai da maganar ƙarya. Abin da yake yi shi ne ya cire ta daga sahun shaida ya mai da ita da'awa, wadda sai an bincika. To da aka zo bincike, ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Mai suka yana cewa farashin bai tsaya a dala 49 ba, ga jerin matsayin, ga kuɗin kowanne, ga abin da ake sayarwa. Wannan magana ce da ake iya bi a tabbatar ko a ƙaryata, ko da ta hanyar tambayar kocin ne kai tsaye. Mai yabo kuwa cewa yake rayuwata ta canza, ka yarda da kanka, masu nasara ba sa jinkiri. Babu inda za ka kama wannan ka auna.

Da mai shirin biyan dala 49 ya tsaya a kan tambaya ɗaya, da ta wadatar: idan na gama koyo, wane kaya zan sayar, kuma wa zai saya wanda shi ba dillanci yake nema ba? A Amazon amsar a fili take, mai son kujera ne zai sayi kujera. A MOBE duk mai saye ɗan neman kuɗi ne da ake shirin mai da shi mai sayarwa. Akwai kuma alama daga waje ga mai lura. Wata huɗu kafin a rufe MOBE, a Fabrairun 2018, FTC ta sa an dakatar da Digital Altitude, wani kamfani mai irin wannan tsari na matakai da koci da matsayi, wanda ya riƙa alƙawarin dala dubu ɗari ko fiye cikin kwana 90.

Yadda ta kaya

A Fabrairun 2020 McPhee da wasu suka amince da sulhun da ya kai sama da dala miliyan 17. Ya kuma saki hannunsa daga wuraren shaƙatawa da yake da su a Fiji da Kosta Rika, irin wuraren da ake kai manyan mambobi su ɗauki hoto.

Wata guda bayan haka hukumar ta waiwayi masu tallan kansu, abin da ba kasafai ake gani ba. Manyan dillalai biyar suka amince su biya sama da dala miliyan 4 kan zargin yaɗa alƙawuran samu na ƙarya. Cikinsu har da John Chow, wanda ya yi suna shekaru da yawa da shafinsa na koyar da neman kuɗi a intanet. Wannan sunan ya isa a tsaya a kansa. Ba wani ɓoyayye ba ne mai sunan bogi. Mutum ne sananne, mai tarin mabiya, irin wanda sabon shiga zai ce ai wannan ba zai zubar da mutuncinsa ba. Daɗewa da suna suna nuna mutum ya iya tara jama'a, ba sa nuna abin da yake tallatawa yau mai kyau ne. Dokokin FTC sun daɗe da wajabta wa mai talla ya bayyana cewa ana biyansa, amma layi ɗaya a ƙasan shafi ba ya gaya maka ko la'adar dala 3 ce ko dala dubu 3, kuma a nan bambancin yake.

A 2022 aka fara mayar wa mutane kuɗi: sama da dala miliyan 23 ga mutum fiye da dubu 37. Idan aka raba, kowa ya tashi da dala ɗari shida da 'yan kai. Kusan kashi 7 cikin 100 ke nan na adadin da kotu ta yanke. Wannan kuma a ƙasar da hukuma ta bi sawun kuɗin har tsibirin Fiji.

A wayoyinmu

MOBE ya mutu, salon bai mutu ba, kuma duk mai WhatsApp a Kano ko Kaduna ya san kamanninsa. Hoton alat a sitatus, gayyata zuwa aji kyauta na kwana uku, sai a rana ta uku a ce ga kwas, farashin zai tashi da tsakar dare. Ba duka ne zamba ba. Akwai masu koyar da abin kirki, akwai masu dillancin kayan gaske. Amma inda kwas ɗin yake koyar da yadda za a sayar da kwas ɗin, an dawo gidan jiya, kuɗin ne kawai suka koma naira.

Mai karatu a nan yana da ƙarin tarko guda. Yawancin shawarar da ke yawo an rubuta ta ne don mazaunin Amurka. Tun da PayPal ya shigo Najeriya a 2014, an shafe shekaru ana iya biya da shi amma ba a iya karɓar kuɗi da asusun mutum. ClickBank, wani dandalin haɗa dillalan intanet da masu kaya, wanda bidiyoyi da yawa ke cewa a fara da shi, ya daɗe ba ya karɓar rajista daga Najeriya. Sai ka ji wani ya ce ai da sauƙi, ka ɓoye inda kake ka rubuta wata ƙasa. Ba ya faɗin cewa ranar da aka nemi shaidar zama, asusun da abin da ke cikinsa ne za su tafi tare, shi kuwa ya riga ya karɓi kuɗin kwas ɗinsa.

Abin da ya fi wuya shi ne, a wajenmu mai tallan ba baƙo ba ne a bayan allo. Abokin karatunka ne, ko ɗan maƙwabta, ko ƙanwar matarka, kuma sau da yawa ita ma da zuciya ɗaya take yi, don kuɗin adashenta ta zuba tana neman fanshewa. Kunya ba ta barin a titsiye ta. Amma ana iya tambaya ba tare da an ci fuska ba: “Don Allah ƙanwata, cikin kuɗin nan da kika nuna, nawa ne na sayar da kwas ɗin, nawa ne na wani kaya daban? Nawa kika kashe a data da talla? Cikin waɗanda kuka shiga tare, mutum nawa ne suka mayar da kuɗinsu?” Idan a babban zauren aka yi wa malamin ajin tambayar, amsar takan zo ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko ya kawo lissafi, har da watannin da bai samu komai ba, ko kuma a ce kana kashe wa mutane gwiwa, a cire ka daga zauren.